Na kunna satifiket na wayoyi a Asterisk duk layukan ofis sun ɗauke, dan Allah a taimaka

Baban_Ikram ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka san kan wayar intanet a taimaka min da shawara, tun jiya da la'asar nake kan abu ɗaya. Ni nake kula da netwok na wani kamfanin rarraba kaya a nan Kano, muna da Asterisk 20, manhajar da ke haɗa kiran wayoyin ofis ta intanet, a kan wata saba da muka yi haya a waje, wayoyin tebur guda 23 duk Yealink, yawanci T31P sai T46U guda huɗu na manya. Guda 15 suna babban ofis, biyar a reshenmu na Kaduna, uku kuma a gidajen ma'aikata.

Abin da ya kai ni ga wannan aikin shi ne masu ƙwanƙwasa mana ƙofa, kullum in na buɗe log sai in tarar da wasu daga ƙasashen da ban taɓa hulɗa da su ba suna gwada layi 100, 101, 102 da kalmar sirri iri-iri, wasu ma har sunan friendly-scanner suke zuwa da shi. Na saka fail2ban yana korarsu amma ka kori wannan wani ya dawo da sabon IP, kuma ba zan iya cewa IP kaza kaɗai zan bari ba saboda reshen Kaduna da na gida rauta mai sim suke amfani da ita, IP ɗinsu kullum canzawa yake. Toh sai na rufe ƙofar 5060 na mayar da kowa TLS, wato haɗi mai ɓoye saƙo, a ƙofar 5061 da satifiket, wato katin shaidar saba, na Let's Encrypt masu bayar da shi kyauta, wannan ya yi aiki lafiya lau. Daga nan na ji ana cewa za a iya sa sabar ita ma ta nemi satifiket daga wajen wayar, wanda ba shi da shi ko sallama ba za a amsa masa ba, na ce ai wannan nake nema. Na saka verify_client=yes da require_client_cert=yes, ca_list_file kuma na nuna masa /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt, na sake tayar da Asterisk, wlh ko waya ɗaya ba ta yi rajista ba, duk 23. Dole na mayar da saitin yadda yake kafin oga ya kira.

Tambayata, me na yi ba daidai ba? Zan iya ciro wa kowace waya nata na Let's Encrypt tunda kyauta ne? Sannan in abin ya zauna zan iya cire kalmar sirri gaba ɗaya in huta? Nagode.

Injiniya_Tudunwada ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Ikram. Gsky ka gode wa Allah da wayoyin suka ƙi hawa, domin da a ce sun hau da wancan saitin da ka zauna kana ganin ka kulle gida alhali ba ka kulle ba. Bari in faɗa maka dalili.

Wancan fayil ɗin da ka nuna, ca-certificates.crt, jerin duk manyan masu sa hannu ne na duniya da injin ya yarda da su don shiga shafukan intanet. In ka ba ca_list_file shi, ka ce wa Asterisk kenan duk wanda ya zo da satifiket ɗin da ɗaya daga cikin waɗannan ya sa wa hannu a buɗe masa. Toh ai ɓarawon ma zai iya samu, ya sayi sunan shafi na 'yan kuɗi kaɗan ya nemi satifiket, shikenan ya wuce. Kamar ka ajiye maigadi ne ka ce masa duk mai katin ɗan ƙasa ya shigo, alhali abin da kake nufi katin ma'aikacin kamfaninku.

Su kuma wayoyinka abin da ya hana su hawa shi ne Yealink tana fitowa daga masana'anta da nata satifiket a ciki, wanda kamfanin Yealink ne ya sa masa hannu, kuma mai sa hannun nasu ba ya cikin wancan jerin. A lokacin gaisuwar TLS sabar tana miƙa nata, sannan ta ce kai ma kawo naka, wayar ta miƙa na masana'anta, sabar ta duba ta ga ba ta san wanda ya sa hannu ba sai ta yanke. In ka kama zirga-zirgar da manhajar Wireshark a TLS 1.2 za ka ga unknown ca, lamba 48 kenan.

Abin yi, ka zama mai sa hannun kanka, wato ka kafa CA naka. Ba wani abu ne mai wuya ba, a cikin kayan Asterisk ɗin ma akwai ast_tls_cert a contrib/scripts, ni dai na fi son easy-rsa ta mutanen OpenVPN don ta fi saukin riƙe lissafin wa aka ba wa aka karɓe. Ka haɗa CA ɗaya, ka fitar wa kowace waya nata satifiket da nata mabuɗin sirri, kowace da nata fa, kar ka yi guda ɗaya ka raba wa 23 domin ranar da aka sace ɗaya ka rasa yadda za ka yi da sauran. Sunan da za ka sa a CN, wato gurbin sunan mai satifiket, ka sa lambar MAC ɗin wayar, wadda ta zo da ita daga masana'anta, ko lambar layinta. ca_list_file ya zama ca.crt naka kaɗai, ba a haɗa shi da komai. Shi kuwa ca.key kar ya kwana a kan sabar da ke fuskantar intanet, ka ajiye shi a filashi biyu a kulle a wuri daban-daban, duk wanda ya riƙe shi zai iya buga wa kansa katin shiga.

Satifiket ɗin sabar ka bar na Let's Encrypt ɗin in yana maka aiki, ɓangarorin biyu ba dole sai mai sa hannu ɗaya ba. Amma na wayoyi a'a. Na farko kwana 90 yake yi, ka ga duk wata biyu kana bin wayoyi 23, na biyu sai kowace waya ta sami sunan shafi da za a tantance, na uku a 2025 su da kansu sun sanar za su daina saka izinin clientAuth a satifiket ɗinsu a 2026, wato ba za a iya amfani da shi a matsayin shaidar mai kira ba. Na huɗu kuma shi ne abin da na faɗa a sama, yarda da su yarda ce da duk wanda suka ba.

Wajen ɗorawa a wayar akwai inda mutane suke rikicewa. Ka haɗa mabuɗin da satifiket ɗin a fayil ɗaya na .pem, ka shiga shafin wayar ta burauza, Security, sai Server Certificates, eh nan ne ko da yake sunan yana nuna kamar na saba ne, ka ɗora, sannan ka canza Device Certificates daga Default zuwa Custom, in ba ka canza ba za ta ci gaba da miƙa na masana'anta. Dalilin sunan shi ne wayar kanta wani lokaci ita ce ake kira, misali in ka buɗe shafinta ta HTTPS, shi ya sa ni nake saka wa satifiket ɗin waya izini biyu, clientAuth da serverAuth, don kar wata rana ya ba ni matsala. Kuma ka tuna duk abin da ka taɓa a transport na pjsip, inda waɗancan saitukan suke, reload kawai ba ya ɗauka sai in ka kunna allow_reload, gara ka tayar da Asterisk gaba ɗaya da daddare.

Kafin ka taɓa waya ko ɗaya gwada daga kwamfutarka: openssl s_client -connect sunan-sabarka:5061 -cert waya.crt -key waya.key, sannan ka sake ba tare da -cert ba ka tabbatar an kore ka. Wannan gwaji na biyun ya fi na farkon muhimmanci.

Sarkin_Rauta ya rubuta:

Ni fa a ganina wannan duk doguwar hanya ce. Malam saka rautar MikroTik a Kano da Kaduna, manhajarta RouterOS 7 ta zo da WireGuard, wato VPN mai buɗe keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, ka haɗa su da sabar, ka rufe 5060 da 5061 daga waje kwata-kwata, wanda bai ga ƙofa ba me zai ƙwanƙwasa? Na gidan ma Yealink tana da OpenVPN a cikinta. Ni haka nake yi wa duk wanda na yi wa aiki kuma ba a taɓa kirana cikin dare ba.

Maman_Sadiq ta rubuta:

Sarkin Rauta ban ƙi ta taka ba, ga reshe guda mai wayoyi biyar VPN tana da kyau sosai, amma ka lura OpenVPN ɗin da ke cikin wayar ita ma satifiket da mabuɗi za ka ɗora mata, ka ga aikin CA ɗin dai bai gudu ba. Kuma VPN tana cewa wannan ya fito daga cikin gidanmu ne, ba ta cewa wannan wayar tebur ɗinmu ce, duk wanda ya sami kebul ko wifi a ofishin Kaduna ya jona laftof ɗinsa ya shigo cikin gida kenan. In da hali a haɗa biyun.

Baban Ikram tambayarka ta uku ce ta sa na shigo, domin Injiniya bai taɓo ta ba. Kar ka cire kalmar sirri, dan Allah kar ka cire. Asterisk abin da take dubawa kawai shi ne shin CA ɗinka ne ya sa hannu, in eh sai ta bar haɗin ya tsaya, ba ta ɗaukar sunan da ke cikin CN ta ce wannan satifiket na layi 104 ne don haka ba zai yi rajista a matsayin 101 ba. Wato wayar mai shara da satifiket ɗinta mai kyau za ta iya zama layin manaja mai izinin kiran ƙasar waje in babu kalmar sirri a tsakani. Satifiket yana tsare bakin ƙofa, kalmar sirri ita ke raba ɗakuna. In kana son ɗaure kowane satifiket da layinsa sai ka sa Kamailio, wata manhajar da ke tace saƙonnin kira, a gaban Asterisk, can akwai $tls_peer_subject_cn da za ka kwatanta da sunan mai rajista ka kori wanda bai dace ba, amma ga wayoyi 23 ban ga dalilin ɗora wa kanka wannan nauyin ba, kalmar sirri doguwa wadda inji ya haɗa ta isa.

Abin da na fi damuwa da shi kuma ba ka ambata ba, ta ina wayoyin suke ɗaukar saitinsu? In da hannu kake shigar wa kowace toh shikenan. In kuwa kana da sabar saiti da suke zuwa su ɗauki fayil mai sunan MAC ɗinsu, irin 805ec0 da sauran lambobi .cfg, toh nan ne ainihin inda ake shiga wa mutane. A cikin fayil ɗin akwai sunan layi da kalmar sirri a fili, farkon lambar MAC na kowane kamfani kuma sananne ne, na Yealink akwai 001565 da 805ec0, saura lambobi shida kawai mutum zai yi ta gwadawa, kuma akwai masu injin da ba su da aiki sai wannan. Na taɓa karɓar aikin wani ofis bayan an yi musu haka, an yi ta neman laifi a Asterisk ana canza kalmar sirri, washegari a sake shiga, ashe duk sabuwar da aka sa fayil ɗin saiti ne yake miƙa ta ga duk wanda ya tambaya ta HTTP. An kwashe ƙarshen mako guda ana kiran lambobin waje masu tsada da layinsu, ranar Litinin mai ofishin da ya ga bil ɗin sai da ya zauna, ni kaina abin ya tsaya min a rai domin ƙaramin ofis ne mai ma'aikata ƙalilan. Ka yi tunanin yanzu in ka ɗora fayilolin .pem masu mabuɗin sirri a irin wannan wurin, duk wahalar da ka sha ta tafi a banza.

Toh a nan ne satifiket ɗin masana'anta yake da amfani, wanda Injiniya ya ce ya hana ka hawa. Sabuwar waya daga kwali ba ta da naka, amma tana da nasu mai ɗauke da MAC ɗinta a CN. A nginx, manhajar da za ta riƙa miƙa fayilolin saitin, ka sa ssl_verify_client on, ssl_client_certificate ya nuna CA na Yealink da za ka nema daga wajensu, sannan, nan ne wajen da ake mantawa, ka kwatanta MAC ɗin da ke cikin $ssl_client_s_dn da sunan fayil ɗin da aka nema. In ba ka yi wannan ba duk wata Yealink da ke duniya za ta wuce, har wadda mutum ya saya a kasuwa jiya. In ka yi, waya ba za ta iya ɗaukar komai ba sai nata. Cisco ma tsarin da suke bi kenan, suna da satifiket na masana'anta da wanda ake bayarwa a cikin gida, kuma shawararsu ita ce a yi amfani da na masana'anta a karɓi na gida sannan a ci gaba da na gida. Poly da Snom su ma suna zuwa da nasu a ciki.

In an sace waya ko ma'aikaci ya tafi da ta gida bai dawo da ita ba, nan take ka canza kalmar sirrin layin ka goge fayil ɗinta, sannan ka soke satifiket ɗin a easy-rsa. In ka ba nginx jerin sokakku ta ssl_crl ka sani shi ma jerin yana da ranar ƙarewa, a easy-rsa kwana 180 ne in ba ka canza ba, kuma ranar da ya ƙare kowa za a kora har masu gaskiya. Satifiket ɗin waya kwana 825 yake fitowa, CA kuma 3650. Rubuta ranakun a wurin da wanda zai gaje ka zai gani.

Baban_Ikram ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Hajiya Maman Sadiq da Sarki duka. Hajiya wlh kamar kin leƙo sabata, fayilolin saitin a HTTP suke a buɗe, ina karanta saƙonki na je na rufe na canza kalmar sirrin kowa kafin in yi komai. Na kafa CA da easy-rsa, na gwada da openssl, da satifiket ya shiga babu shi an kore ni, na ɗora wa wayoyin Kano duk sun hau alhamdulillah. Na Kaduna ma sun hau jiya, amma yau da safe an ɗauke wuta an tada janareta, biyar ɗin duka suka ƙi rajista kusan minti 20 sannan suka dawo da kansu ba wanda ya taɓa su. A log ɗin sabar ba na ganin komai sai haɗi ya zo ya yanke. Ko satifiket ɗin ne yake gogewa in wuta ta ɗauke?

Injiniya_Tudunwada ya rubuta:

Ba ya gogewa. Ka ce wa wani a can ya duba agogon da ke fuskar wayar lokacin da abin ya faru, ina kyautata zaton zai ga wata tsohuwar shekara. Irin waɗannan wayoyin in sun tashi sai sun tambayi NTP, wato sabar da ke ba da lokaci, kafin su san ƙarfe nawa, wayar kuma tana riga rauta mai sim kamawa, ta nemi lokaci ba ta samu ba sai ta jira zagaye na gaba. Kowane ɓangare da agogonsa yake auna satifiket ɗin ɗan'uwansa, sabar agogonta daidai ne don haka ba ta da matsala da na wayar, ita wayar ce take kallon na sabar ta ga a lissafinta ranar fara aikinsa ma ba ta zo ba sai ta yanke, shi ya sa kake ganin haɗi ya zo ya tafi. Ka sa rautar ofishin ta zama ita ce NTP ɗinsu in tana iyawa, ka sa pool.ntp.org a na biyu, ka rage tazarar sake tambaya, mafi sauki kuma ƙaramin UPS a kan rautar da suwic ɗin PoE don kar su mutu tsakanin ɗauke wuta da tada inji. Abin da ba zan so ka yi ba shi ne kashe Only Accept Trusted Certificates, mutane da yawa nan suke gudu in sun gaji, zai yi aiki kam amma daga ranar wayar za ta yarda da duk sabar da ta amsa mata, ka koma tantancewa ta gefe ɗaya kenan.

Tunda wayoyin suna bayan NAT, wato rauta ce ke fita da su da IP ɗinta, ka tabbatar rewrite_contact=yes yana kan layukan, don kira mai shigowa ya bi ta haɗin da wayar ta riga ta buɗe, da qualify_frequency don haɗin kar ya mutu. Sannan ka duba murya, TLS saƙon kafa kira kawai yake rufewa, maganar kanta a fili take tafiya sai ka sa media_encryption=sdes a Asterisk ka kunna SRTP a wayar.

Sarkin_Rauta ya rubuta:

Maganar NTP ɗin nan gaskiya ce, MikroTik tana iya ba su lokaci, amma ita ma yawancinsu ba su da batirin agogo don haka UPS ɗin dai shi ne. Hajiya na karɓi gyara a kan laftof, ban taɓa kallon ta nan ba.

Baban_Ikram ya rubuta:

Agogo ne Injiniya, yaron da ke can ya ɗauko min hoton fuskar wayar bayan mun cire mata wuta mun mayar, kwanan watan ba na bana ba ne. Na aika musu UPS, na kunna SRTP, ɗan kwaɗon nan yana fitowa a fuskar wayar in ana kira. Log ɗin da nake buɗewa in ga ɗaruruwan gwaji yanzu tun shekaranjiya ban ga REGISTER ko ɗaya daga baƙo ba, suna zuwa 5061 dai amma a gaisuwa ake tsayar da su. Saura wayoyi uku na gida, ɗaya a Zariya take sai ranar Asabar zan je da kaina in ɗora mata ta kebul don ba na son tura mabuɗin ta WhatsApp. Na rubuta wa Yealink neman CA ɗinsu, Hajiya in ya zo zan dawo nan ki duba min layin nginx ɗin da ke kwatanta MAC kafin in sake buɗe sabar saitin.